Yadda ake rubuta insha'in asali wajen neman jami'a a Amurka

Duk shekara idan Oktoba ta kama, falona a Bronx yakan koma kamar tsangaya. Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a nan New York, ba malamin Turanci ba. Amma tun da labari ya bazu cewa na taɓa taimaka wa ɗan wani maƙwabcina har ya samu gurbi, shi ke nan iyaye suka naɗa ni gwani ba tare da sun nemi shawarata ba. Ranar Asabar bayan azahar sai ka tarar da yara huɗu ko biyar 'yan ajin ƙarshe a zaune, kowa da kwamfutarsa a cinya. Sakamakon makaranta ba ya firgita su, cika fam ma sun iya. Abin da ke sa su gumi tambaya ce guda da jami'o'i da yawa ke yi, kowace da irin lafazinta: gaya mana daga ina ka fito, me rayuwarka ta koya maka, kuma me za ka zo mana da shi.

Turawa suna kiran wannan rubutu da kalmar "diversity", wadda ke nufin bambance-bambancen jama'a. Ni da yarana muna ce masa insha'in asali, kuma da wannan sunan zan ci gaba.

Ga inda yake a cikin takardun. Yawancin ɗalibai suna nema ne ta Common App, shafin da jami'o'i sama da 1,000 ke karɓar takardu ta cikinsa. Akwai babban insha'i na kalmomi 250 zuwa 650 da ke zuwa ko'ina, ana zaɓar tambaya ɗaya daga cikin bakwai. Bayan shi kowace jami'a tana iya ƙara nata gajerun tambayoyin, kuma a cikinsu ne insha'in asali ya fi zama, galibi kalmomi 150 zuwa 300. A baya Jami'ar Michigan ta shekara da shekaru tana cewa ka zaɓi al'umma ɗaya da kake cikinta, ta addini ce, ta unguwa, ta sha'awa ko ta abinci, ka bayyana ta da matsayinka a ciki. Rassan Jami'ar Kalifoniya (University of California) kuwa ba sa amfani da Common App. Nasu tambayoyin takwas ne, a amsa huɗu, kowace kada ta wuce kalmomi 350.

Dole in ɗan tsaya a kan shari'a, domin wanda bai san ta ba yakan rubuta abin da ba a tambaye shi ba. Ranar 29 ga Yuni, 2023, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a ƙarar da ƙungiyar Students for Fair Admissions ta shigar a kan Jami'ar Harvard da Jami'ar North Carolina tun 2014. Hukuncin ya hana jami'o'i fifita ɗalibi saboda launin fatarsa, abin da kotun ta yarda da shi bisa sharaɗi tun shari'ar Bakke ta 1978, ta kuma sake amincewa da shi a 2003 a shari'ar makarantar lauyoyi ta Michigan. Sai dai Babban Alƙali John Roberts ya bar wata 'yar ƙofa a buɗe. Ya ce babu laifi jami'a ta duba bayanin da ɗalibi ya yi na yadda launin fata ya shafi rayuwarsa, ta hanyar wariya ce ko ta zaburarwa, muddin abin da za a yaba shi ne halin ɗalibin ko wata baiwa tasa, wato a auna shi a matsayinsa na mutum guda. Ya kuma yi kashedi kada a yi amfani da insha'i a dawo da tsohon tsari ta bayan gida.

A kakar nema ta 2023 jami'o'i da dama suka sake tambayoyinsu. Harvard ta mayar da nata gajeru biyar na dole, ta farko a kan yadda abubuwan da ka gani a rayuwa za su sa ka amfani jami'ar. Kwalejin Sarah Lawrence ma kwaso maganar Roberts ta yi ta saka a cikin tambayarta. An kuma ga tasirin hukuncin a ƙasa: a jami'ar MIT baƙaƙen fatar da suka shiga a 2024 kashi 5 cikin 100 ne, alhali a shekarun baya sukan kai kashi 13. A Fabrairun 2025 kuma Ma'aikatar Ilimi ta aika wa makarantu wasiƙa tana gargaɗin kada su yi amfani da rubutun ɗalibai wajen gano launin fatarsu. Tambayoyin suna sauyawa kusan kowace shekara, don haka kada ka dogara da wadda yayanka ya amsa. Buɗe ta bana ka karanta da idonka.

Abin da duk wannan ke nufi gare ka, ɗana, shi ne cewa "ni baƙar fata ne, Musulmi, ɗan baƙin haure" ba amsa ba ce. Wannan suna ne, kuma mai karanta takardunka a jami'a ba shi da ikon ba ka maki a kan launin fatarka. Abin da yake da ikon dubawa shi ne abin da ka aikata a cikin wannan rayuwar, da abin da ta bar maka a hannu.

Bari in ba ka labarin wata yarinya, 'yar wani aminina. An haife ta a nan, iyayenta Hausawan zango ne daga Gana. Ta kawo mini rubutunta na farko tana murna. Kalmomi 300 cif a kan bikin Sallah: sababbin atamfofi, lalle, ƙamshin girki, dangi sun cika gida, ta rufe da cewa al'adarta mai arziki ce kuma za ta kawo ta jami'a. Turancin ba shi da makusa. Na karanta sau biyu na ce mata, "'Yata, na ga Sallah, na ga mamanki, na ga tukunya. Ke kina ina?"

Ta yi shiru. Na ce, "In na goge sunanki na sa na ƙawarki, akwai layin da zai zama ƙarya?" Ta duba, ta ce babu.

Wannan shi ne gwajin farko, kuma har yau ban samu wanda ya fi shi ba. Duk jimlar da yara dubu za su iya sa hannu a ƙarƙashinta, ba taka ba ce. Masu karatun nan suna bin ɗaruruwan takardu a 'yan makonni, kuma sun ƙoshi da labarin biki, da labarin abincin da abokan aji suka toshe wa hanci, da labarin malamin da ya kasa faɗin sunan yaro daidai. Ba wai ƙarya ba ne, ai duk sun faru da mu. Sun dai tsufa ne a hannun mai karatu.

Na rufe mata kwamfutar na ce mu yi hira. Tambayoyin da nake yi wa kowa ke nan, kuma kai ma ka yi wa kanka, ka ɗauki amsar da wayarka, da Hausa ko da duk harshen da ya zo bakinka. Me kake yi a gida wanda abokan ajinka ba sa yi? Don wane aiki ake ƙwala maka kira? Yaushe ka taɓa tsayawa tsakanin mutum biyu da ba su fahimci juna ba? Wane abu ne gidanku suka yarda da shi kai kuma ka fara tantama, ko ka yi tantama daga baya ka dawo? Ranar Asabar da safe ina kake?

A tambaya ta biyu ta ce, kamar ba komai ba, "Ni dai kai Hajiya asibiti kawai." Kakarta ke nan, mai fama da ciwon gwiwa da hawan jini, ba ta jin Turanci. Tun tana shekara goma sha biyu ita ce ke raka ta tana yi mata tafinta. Na ce ta ba ni labarin rana ɗaya. Ta ce likita yakan tambayi Hajiya, daga ɗaya zuwa goma, ina zafin ya kai. Hajiya kuma amsarta ɗaya ce ko da ta kwana ba ta runtsa ba: "Da sauƙi, alhamdulillahi." Ranar farko yarinyar ta fassara yadda ta ji, ta ce wa likita ta samu sauƙi. Likita ya rubuta, ya sallame su ba tare da ya sauya magani ba. A cikin bas Hajiya ta kasa taka matakala. Daga ranar ta gane cewa "da sauƙi" a bakin tsohuwa ba rahoton ciwo ba ne, godiya ce ga Allah da kuma kunyar yin raki a gaban baƙo. Sai ta koyi yin wasu tambayoyin kafin su bar gida: yau a tsaye kika yi sallar asuba ko a zaune? Sau nawa kika farka? Da waɗannan take ba likita lambarsa.

Ina sauraro gashin jikina na tashi. Na ce, "Shekara biyar kina wannan, kika zo mini da lalle?"

Ta ce, "Malam, ai wannan ba wani abu ba ne. Kuma kamar yabon kai ne."

A nan matsalarmu take. An tarbiyyantar da mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma gaskiya ne. Yaron kirki ba ya cewa "ni na yi". Shi ya sa idan aka ce ya yi maganar kansa sai ya ɓuya a bayan "mu" da "al'adarmu". Mafitar da na samo ita ce in ce wa yaro kada ya yabi kansa ko da kalma ɗaya. Kada ka rubuta cewa kai mai haƙuri ne, ko jajirtacce, ko shugaba. Faɗi abin da ya faru kawai, kamar mai ba da shaida a gaban alƙali: ranar kaza, a wuri kaza, aka ce kaza, na yi kaza. Gani ya kori ji. In mai karatu ya ga yarinya 'yar sha biyu tana tambayar kakarta yadda ta yi sallah don ta san lambar da za ta ba likita, shi da kansa zai sa mata sunan halin, ba sai ta faɗa ba.

Tsarin da nake ba su ba shi da wuya. Kusan rabin kalmomin su tafi a kan lamari guda, a wuri guda, da maganar da aka yi a wurin. Sai abin da ya sauya a yadda kake yin abubuwa daga baya, kuma a nan ma misali ake so, kada ka ce "na koyi darasi" ka tsaya. Sai layi uku ko huɗu na ƙarshe su kalli gaba, su nuna inda wannan abin zai yi aiki a jami'ar. Wannan kashi na ƙarshe shi yara suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali sau da yawa shi ne ainihin tambayar. Shiga shafin jami'ar ka nemo darasi ɗaya, ko ƙungiyar ɗalibai ɗaya, ko wani aikin sa kai da ake yi a garin, wanda ya haɗu da labarinka da gaske. Ka tabbata yana nan har yanzu. "Zan kawo sabon hangen nesa" kuwa, goge shi duk inda ka gan shi.

Wasu yaran sukan ce su ba su da labari, ba su sha wahala ba, ba wanda ya taɓa nuna musu wariya. Ba a ce sai wahala ba. Akwai wani yaro da babansa direban tasi ne, mamarsa kuma tana kitso a Harlem. Ya rantse mini rayuwarsa makaranta ce da ƙwallo kawai. Can cikin hira ya ce bari ya amsa saƙo, wata ƙawar mamarsa ce ke tambayar ko kwasarta ta zo. Ashe shi ke riƙe da lissafin adashin mata goma sha biyu, zubin dala 200 duk mako. Ya kwashe shi daga littafin da mamarsa ke ajiyewa a jaka ya mayar kan waya, kuma da aka yi rigima a kan wadda za ta fara kwasa, shi ya kawo shawarar a yi ƙuri'a amma a bar gurbi ɗaya ga duk wadda larura ta taso mata. Ni da nake koyar da lissafi na ji daɗin abin har raina. Yaro ɗan shekara 17 yana tafiyar da asusun da ba takarda ba lauya, sai amana, kuma yana neman karatun tattalin arziki. Ya rubuta shi a kalmomi 250, ya bayyana adashi a rabin jimla ya wuce. Haka ake yi da kalmarmu a cikin rubutun Turanci: ɗaya ko biyu, ɗan bayani kaɗan, a ci gaba. Kada insha'in ya koma ƙamus.

Af, irin wannan aikin gida yana da gurbi a jerin ayyuka goma da Common App ke ba ka damar lissafawa, akwai rukunin hidimar iyali a ciki. Yaranmu da yawa suna barin sa fayau don suna ganin renon ƙanne ba aiki ba ne.

Addini ma haka. Wanda ya haddace Alƙur'ani yana da abin rubutawa, amma ya rubuta yadda ake yi: tashin asuba, tilawa, yadda shafin da aka yi sakaci da shi mako biyu yake zamewa, da yadda wannan horon ya bi shi har ajin kimiyya. Wa'azi kuwa a bar shi a mumbari. Idan kuma tambayar ta shafi saɓanin ra'ayi ce, irin wadda jami'o'i suka yawaita yi a 'yan shekarun nan, kada ka ba da labarin yadda ka kayar da wani a gardama. Nuna cewa ka saurara har ka iya faɗin hujjarsa yadda shi ma zai ce e, haka nake nufi.

In kana da labarin wahala na gaske kuma kana son faɗa, faɗi. Amma ba dole ba ne, kuma kada wani ya sa ka tallata ciwonka don neman tausayi. Akwai kuma sirrin gida. Rashin lafiyar uwa, rabuwar aure, bashi, musamman batun takardun zama na iyaye, waɗannan ba naka ba ne kai kaɗai. Kafin ka rubuta, zauna da mai abin ka nemi izini, batun takardu kuma kada ka taɓa shi sai ka yi shawara da wanda ya san doka. Idan abin da kake so kawai shi ne a san dalilin da sakamakonka ya faɗi a wani zango, akwai wurin ƙarin bayani a fam ɗin, layi kaɗan sun isa, ba sai ka ƙona insha'inka a kai ba.

Wata shekara wani yaro ya zo mini da rubutu mai ratsa zuciya a kan yadda suka gudu daga ƙauyensu cikin dare saboda 'yan bindiga. Na san ranar sunansa, a nan Bronx aka yi, na ci naman. Wani ɗan'uwansu ne ya rubuta masa, wai irin wannan Turawa ke so. Na ce ba da ni ba. Kafin ka aika takardunka sai ka sa hannu cewa duk abin da ke ciki gaskiya ne kuma aikinka ne, jami'a kuma tana iya janye gurbin ko bayan ta bayar. Common App tana lissafa miƙa rubutun da manhajar ƙirƙirarriyar basira ta yi a matsayin naka cikin zamba. Jami'ar Duke ma a 2024 ta daina ba insha'i maki na lamba, saboda ba ta da tabbacin hannun wa ke ciki. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma in an kira ka hira da tsohon ɗalibin jami'ar aka tambaye ka sunan ƙauyen, za ka gane.

Ni ma na taɓa yin nawa laifin. A shekarun farko nakan gyara wa yara rubutu layi-layi har ya yi sumul. Wata yarinya ta karanta nata bayan na gama da shi ta ce, "Kawu, ya yi kyau, amma wannan dattijo ne ya rubuta." Ta yi gaskiya. Tun daga ranar ba na riƙe biro. Tambaya kawai nake yi, ko in ja layi in ce nan ban gane ba. Ka ba mutum biyu su karanta maka, ɗaya wanda ya san ka, ɗaya wanda bai san komai game da mu ba, misali mai ba da shawara na makarantarku. Na farkon zai gaya maka ko muryarka ce, na biyun zai nuna maka inda baƙo zai ɓace. In suka kai biyar, miyar ta lalace.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Common App tana buɗewa 1 ga Agusta, masu neman da wuri yawanci wa'adinsu 1 ga Nuwamba ne, Kalifoniya ƙarshen Nuwamba, saura kuma farkon Janairu. Fara a hutun bazara. Rubuta mai tsawo tukuna, kamar kalmomi 500, sannan ka sassaƙe, kuma kusan kullum sakin layin farko ne ke tafiya domin gyaran murya ne kawai. Kada ka maimaita labarin da ka riga ka bayar a babban insha'i. Labari ɗaya yana iya zuwa jami'o'i da yawa, amma sake masa ƙarshe kowane lokaci, ka kuma duba sunan jami'ar sau biyu. Na ga wanda ya aika wa wata jami'a yabon kishiyarta. Daga ƙarshe karanta shi da ƙarfi. Inda harshenka ya sarƙe, jimlar ce ba ta yi ba.

Ita 'yar aminin nawa sau shida ta sake nata. Na ƙarshen ya fara da tambayar likita, daga ɗaya zuwa goma, ya ƙare da aikin tafinta na sa kai da take son shiga a asibitin koyarwa na jami'ar da take nema. Tun da labarin Hajiya ne, na ce sai ta nemi izininta kafin ta aika. Ta zauna a bakin gado ta fassara mata shi da Hausa tun daga farko har ƙarshe. Ta ce tsohuwar ta daɗe ba ta ce komai ba, tana jan carbi, can ta ɗago ta ce, "Au, ashe duk shekarun nan ke ce ke kai ƙarata wurin likita." Sannan ta ce a aika, amma a cire inda aka ce ta kasa hawa bas.